Ciwon ƙeya da allurar Sinawa: amsoshin tambayoyinku

Tun da hunturu ya kankama a Jos tambayoyi kan ciwon wuya da ɗaurewar ƙeya suka yi mana yawa, kuma da dama daga cikinsu a kan abu ɗaya suke: wani gurbi a bayan wuya da ake ta yaɗa bidiyonsa a Facebook da TikTok, wanda masu maganin gargajiyar ƙasar Sin ke dannawa ko su tsira wa allura. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a wajejen Terminus. Idan na wuni a kan keke, da la'asar sai ƙeyata ta ɗaure, ciwon ya hau har goshi kamar an cusa mini hular da ta yi mini kaɗan. An ce akwai wani kwarmi a bayan wuya da ake dannawa a sami sauƙi. Ina yake, kuma yaya ake yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gurbin da kake nufi Sinawa na kiransa Fengci, lambarsa a littattafan koyarwa GB20. Guda biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu. A lissafinsu shi ne na 20 cikin gurabe 44 da ke kan layin da suke dangantawa da matsarmama, layin da ya taso daga gefen ido, ya zagaya kai, ya bi kafaɗa da haƙarƙari ya gangara har yatsan ƙafa na huɗu. Yana cikin gurabe 361 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita bayanin wurarensu a 2008.

Ga yadda za ka same shi. Ɗora babban yatsanka a kan ƙashin nan mai tudu da ke bayan kunne, ka ja shi a hankali zuwa baya kana bin gindin ƙoƙon kai. Za ka haye wata tsoka da ta taso daga bayan kunne ta gangara gaba zuwa ƙashin ƙirji, ita ce wadda ke fitowa fili idan mutum ya waiwaya. Da ka wuce ta yatsanka zai faɗa wani kwarmi mai laushi, kafin ya kai ga kakkaurar tsokar da ta miƙe daga ƙeya zuwa kafaɗa. Nan ne. A cikin gashi yake, sama da inda gashin ƙeya ya ƙare da misalin faɗin babban yatsa ɗaya. Wannan faɗin yatsa shi ne ma'aunin da suke kira tsun, kuma da yatsan mai jikin ake aunawa, shi ya sa na yaro da na ƙato ba sa zama ɗaya. Idan ka dace da wurin za ka ji wani nauyi-nauyi mai ɗan zafi, wani lokaci ya harba sama zuwa tsakar kai ko bayan ido.

Kuskure biyu ake yawan yi. Wasu suna sauka ƙasa su kama tsakiyar wuya, inda babu ƙashin da yatsa zai dogara a kai, sai su yi ta matse tsoka a banza har ta kwana tana ciwo. Wasu kuma suna zarcewa kwarmin da ke tsakiyar ƙeya daidai, wanda gurbi ne dabam mai suna Fengfu, kuma ba wurin dannawa da ƙarfi ba ne.

Ka zauna ka jingina bayanka. Ka ɗora tafukanka a bayan kai, manyan yatsu suna kallon ƙasa, kowanne a cikin kwarminsa. Ka ɗan sake kanka baya yadda nauyinsa zai sauka a kan yatsun, domin idan ka sunkuya tsokar wurin tana miƙewa ta yi tauri, yatsa ba zai shiga ba. Ka danna sama, wajen ƙashin kai, kana ɗan karkatawa kamar mai nufin hancinka. Ka riƙe daƙiƙa 10, ka saki daƙiƙa 5, ka sake, har minti 1 zuwa 2, kana numfashi a hankali. Sau 2 ko 3 a rana ya isa. Da naman yatsa ake yi, a yanke farce tukuna. Ƙarfin ya tsaya inda za ka iya jurewa ba tare da ka cije baki ba. Kada ka sa kan almakashi, ko maƙulli, ko injin tausa mai bugawa a wannan wuri. Idan ka ji jiri, ko idonka ya yi duhu, ko zuciyarka ta tashi, ka cire hannu nan take. Tawul mai ɗumi na minti 10 kafin ka fara yana taimakawa ƙwarai a irin sanyin garin nan.

Sinawan zamanin da sun ce ta nan iska mai sanyi ke shiga jiki ta kawo mura da ciwon kai da taurin wuya, shi ya sa suke nacewa a rufe ƙeya lokacin sanyi. Ilimin jikin ɗan Adam na yau ya nuna abin da ke ƙarƙashin yatsan naka: ƙananan tsokoki ne da ke riƙe da kai, da jijiyoyin da suka ratsa ta nan suka haura bayan kai. Kan babban mutum ya kai kilo 5, kuma mai ɗinki yana rataye shi gaba tun safe. Tsokokin sun gaji ke nan, danna su yana sa su saki.

Sai dai gaskiya, Malam, idan ba ka gyara zamanka ba gobe ma ciwon zai dawo. Ka daidaita kujera da keken yadda ba sai ka tura haɓa gaba ba kafin ka ga allura. Ka ƙara haske a kan ɗinkin. Duk minti 30 zuwa 40 ka ɗaga kai, ka ja haɓa baya, ka juya kafaɗu. In ka haura shekara 40 ka je a gwada idonka, domin mai neman gilashin karatu da wuyansa yake biyan bashin. Ka kuma ƙirga kwanakin da kake shan farasitamol: wanda ke sha kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, maganin kansa na iya zama sanadin ciwon kan. Abu na ƙarshe, kada ka bari a murɗa maka wuya ya yi ƙara bayan aski. Akwai jijiyar jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya, fizgar bazata na iya tsaga bangonta, a ƙare da shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma babu amfanin da ya kai a yi kasadarsa.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a Rikkos. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwon kai kusan kullum, an yi gwaje-gwaje an ce babu komai. Wata ƙawata a Abuja ta ce in zo a yi mini allurar Sinawa a ƙeya. Tana aiki kuwa? Kuma babu haɗari a tsira allura kusa da ƙwaƙwalwa?

AMSA: Hajiya, tsoron naki yana kan hanya, kuma mun ji daɗi da kika tambaya kafin ki je.

Mu fara da ko tana aiki. Ga ciwon kai irin na ɗaurewa da ya daɗe, akwai shaida mai ɗan ƙarfi. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce ana iya gwada zama har 10 a cikin mako 5 zuwa 8 don rage yawan zuwansa. Ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi ta fitar da sakamako a 2016: kimanin rabin waɗanda aka yi wa allurar gaske ciwon kansu ya ragu da rabi ko fiye, amma a cikin waɗanda aka yi wa ta kwaikwayo, wato wadda ba a tsira ta yadda ake yin ta gaske ba, su ma kimanin 43 cikin 100 sun sami wannan sauƙin. Ma'ana tana taimakon mutane da yawa, sai dai ba duk amfanin ne ya rataya a kan dacewa da wani gurbi takamaimai ba. Duk wanda ya ce miki allura ɗaya a ƙeya za ta raba ki da ciwon shekara biyu, ko ta warkar da hawan jini da ciwon suga, ya faɗi abin da ba shi da hujjarsa. Idan kin kai zama 6 zuwa 8 ba ki ga wani canji ba, ki tsaya, kada ki ci gaba da zuba kuɗi. Ki riƙa rubuta kwanakin da kan ya yi ciwo tun wata guda kafin ki fara, ta haka ne kawai za ki san gaskiyar ko ya ragu.

Allurar ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami, ba a ɗura komai da ita. Kaurinta milimita 0.25 zuwa 0.30, alhali wadda ake yi wa babba a ɗuwawu ta kai 0.8. Tsawon da ake amfani da shi a ƙeya milimita 25 ne zuwa 40. Za a sa ki kwanta rub da ciki ko ki zauna ki jingina goshi, a buɗa gashin wurin, a goge da sifirit, a tsira, a bar ta minti 15 zuwa 30. Shigarta ɗan tsini ne kawai, daga baya sai nauyi da tsami-tsami su bazu a wurin, kuma wannan ne masu aikin ke nema. Zafi mai harbawa kamar wutar lantarki zuwa hannu ko ƙafa ba ya cikin abin da ake nema. In kin ji shi ki yi magana a cire.

Yanzu ga inda haɗarin yake, kuma a nan muke so ki nutsu. A Fengci, inda allura ta dosa da zurfin da ta yi su ne komai. Littattafan koyarwa na Sin sun ce a karkatar da bakinta ya nufi kan hanci, zurfin ya tsaya tsakanin tsun 0.8 da 1.2, wato wajen santimita 2 zuwa 3 a jikin babba, ga siririyar mace ko tsoho kuma ƙasa da haka. A wannan hanya tsoka kawai take ratsawa. Idan aka ɗaga bakinta sama aka karkata ciki, aka kuma zurfafa, tana iya bi ta tsakanin ƙoƙon kai da ƙashin wuya na farko. A nan jijiyar da ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa ta yi lanƙwasa, gaba kaɗan kuma tushen ƙwaƙwalwa ne, inda ta haɗu da laka, wurin da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya. An sami waɗanda suka zubar da jini a cikin kai ta wannan hanya, an sami waɗanda suka rasa rai. A hannun wanda ya koyi aikin sosai irin wannan abu ne mai wuyar faruwa, abin da aka fi gani shi ne ɗan ɗigon jini, ko tabo, ko ciwon wurin na kwana ɗaya. A hannun wanda ya koya a bidiyo ko a bitar kwana uku, ba mu yarda a miƙa masa ƙeya ba ko kyauta ne. Haka kuma kada kowa ya sayi alluran nan a intanet ya tsira wa kansa ko iyalinsa.

Sau da yawa ana haɗa Fengci da wani gurbi a kan kafaɗa, GB21, tsakanin gindin wuya da ƙarshen kafaɗa. Saman huhu na ƙarƙashinsa. In an zurfafa aka huda, iska na taruwa a ƙirji ta danne huhun. Alamarsa suka a ƙirji, busasshen tari da ƙarancin numfashi, kuma yana iya ɓoyewa sai bayan wasu awowi. Wanda ya ji haka bayan allura ya tafi sashen gaggawa, ya faɗa musu abin da aka yi masa.

Idan kin isa wurin, ki tambayi inda mai aikin ya yi karatu, da shekarun da ya yi, da takardar rajistarsa. Hukumar MDCN mai kula da likitoci ita ce ke da alhakin rajistar masu wannan aiki a Najeriya, kuma wanda ya cancanta ba ya jin haushin a tambaye shi. A gabanki za a ɓare allura daga ledarta, a gabanki za a jefa ta a kwalin zubar da allurai. Allurar da aka tsamo daga kwalbar sifirit ki ce a'a, ta haka ake ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Ki ƙirga nawa aka sa, ki ƙirga nawa aka cire, don a cikin gashi ana mantawa da su. Ki ci wani abu kafin ki je. Yunwa da tsoro da yin allurar a zaune su ne ke kawo suman allura, musamman ranar farko: gumi mai sanyi, hamma, duhun ido. Maganinsa a cire alluran duka, a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in ya dawo daidai a ba shi ruwan ɗumi mai ɗan sukari. Kada ki juya kai ko ki ɗaga waya allura na jikinki, tana lanƙwashewa ko tsoka ta kama ta. In kina shan warfarin ko wani maganin tsinka jini, ko kina da juna biyu, ko akwai ƙurji a wurin, ki faɗa tun kafin a taɓa ki.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 9 ya kwana biyu da zazzaɓi, wuyansa ya sandare, yana kuka in an kunna fitila. Maƙwabciyata ta ce in riƙa danna masa ƙeya da man zafi. In yi? Daga wata uwa a Gangare.

AMSA: A'a, 'yar uwa. Mun aika miki amsa tun ranar da saƙonki ya iso, muna maimaitawa a nan saboda sauran iyaye. Zazzaɓi da sandarewar wuya da ƙin haske alamun sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Yana iya kashewa cikin awa 24, wanda ya tsira a makare kuma yana iya rasa ji. Babu tausa, babu ƙaho, babu jiran gari ya waye: a ɗauke shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko babban asibiti mafi kusa. A gida ana iya gwadawa, yaro na kwance a ɗaga kansa a hankali, in haɓa ta kasa taɓa ƙirji saboda zafi to alama ce babba. Amma rashinta ba ya wanke yaro. A jariri sau da yawa wuya ba ya sandarewa, sai dai maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas. Daga hunturu zuwa ƙarshen bazara ne lokacinsa a Arewa, kuma akwai rigakafi, ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku.

TAMBAYA: Ina da hawan jini, shekarata 63. Duk sanda ƙeyata ta yi nauyi na san ya hau. Na ji an ce danna wannan gurbi yana saukar da shi. Zan iya rage ƙwayoyin? Daga wani dattijo a Bukuru.

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Kada ka rage ko ƙwaya ɗaya. Gaskiya ne littattafan Sin sun lissafa Fengci cikin guraben jiri da hawan jini, kuma mutum in ya zauna ya huta ya yi numfashi a hankali awonsa na iya ɗan sauka na wani lokaci. Wannan ba ya tsare ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa yadda maganin kullum ke yi. Ƙeya kuma ba ma'auni ba ce. Mutane da yawa jininsu na sama ƙwarai ba sa jin komai, wasu kuma ƙeyarsu na ciwo jinin lafiya lau. Ka mallaki na'urar awo ta dantse, ka zauna minti 5 kafin ka auna, ka rubuta na safe da na yamma ka kai wa likitanka. In ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko duhun gani, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, asibiti za a yi kai tsaye.

Kana iya danna ƙeyar a hankali don gajiya. Gaban wuya ne muke roƙonka ka bari sam. A gefen zakaran wuya, inda ake jin jijiya na bugawa, akwai wani gurbin Sinawa mai lamba ST9, kuma ana nuna shi a bidiyo a matsayin maganin hawan jini. Wurin na da mahimmanci wajen daidaita bugun zuciya. Matsa shi na iya rage bugun farat ɗaya mutum ya faɗi, ga mai shekaru kuma yana iya ɓamɓaro daskararren kitsen da ke bangon jijiyar ya tafi ƙwaƙwalwa.

TAMBAYA: Mu da muka saba da ƙaho a wurin wanzami, ba abu ɗaya ba ne da na Sinawan? Kuma matata na da cikin wata shida, tana yawan ciwon kai, za a iya yi mata? Daga wani ɗan kasuwa a Dilimi.

AMSA: Alhaji, suna kama ta wani ɓangaren. Sinawa ma suna ƙaho, busasshe da mai tsaga, kuma wurin da suka fi so a wuya yana kusa da inda wanzamanmu ke kafawa. Sunkuyar da kai ka shafa gindin wuya, za ka ji wani ƙashi da ya fi sauran fitowa. Kwarmin da ke ƙarƙashinsa shi ne Dajui, lambarsa GV14, suna amfani da shi don mura da zazzaɓi da taurin kafaɗa, su bar kofin minti 5 zuwa 10. In ya daɗe fiye da kima ko aka ja da ƙarfi, fata na yin bororo. Fengci kuwa yana cikin gashi ga shi a kwarmi, kofi ba ya zama sai an aske, don haka yatsa ko allura suka fi yi masa.

Abin da ya dame mu a ƙaho shi ne kayan aiki. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma ƙahon dabba ba ya wankuwa yadda za a ce ya tsarkaka daga ita. Ka tafi da sabuwar reza, ka nemi kofunan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, mai aikin ya sa safar hannu. Tsagar ta zama ta saman fata kawai. Mai ciwon suga da rauninsa ke daɗewa, da mai sikila, da mai ƙarancin jini, da mai shan maganin tsinka jini, su haƙura da mai tsaga.

Uwargida kuma kada a yi mata ƙaho yanzu. Mai ciki dama sau da yawa jininta kan yi ƙaranci. Su kansu Sinawa sun hana taɓa wasu gurabe ga mai juna biyu: na kafaɗar nan GB21, da na tsakanin babban yatsan hannu da manuni, LI4, da SP6 wanda ke sama da idon sawu ta ciki da faɗin yatsu huɗu. Shafa ƙeya a hankali da tawul mai ɗumi babu laifi. Amma ciwon kai bayan mako 20 na ciki abu ne da ake auna wa jini kafin komai. In ya zo da kumburin fuska ko hannu, ko ganin walƙiya-walƙiya, ko ciwo a saman ciki ta dama, ko awo ya kai 140 bisa 90, yana iya zama mafarin jijjiga. Ka kai ta awo a wannan makon a auna jininta a gwada fitsarinta, in kuwa ɗaya daga alamun nan ta riga ta bayyana, a tafi yau.